Yadda Za a Kula da Motsin Dole da Maganin Cutar Parkinson Ke Haifarwa

Mutumin da ya yi shekaru yana shan lebodofa, wato maganin da ake sayarwa da sunan Sinemet ko Madopar, yana iya wayar gari ya ga kafaɗarsa tana murɗawa, kansa yana rangaji, ƙafarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, alhali yana zaune ne bai yi niyyar motsa komai ba. Likitoci suna kiran wannan diskinesiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu shan maganin suna gamuwa da ita bayan shekara 4 zuwa 6. Dalili kuwa shi ne cutar tana ci gaba da kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin (wanda ke daidaita motsin jiki, kuma shi ne lebodofa ke rikiɗa ya zama) da adana shi, kuma da zarar sun yi ƙaranci sai sinadarin ya riƙa hawa da sauka tare da kowace ƙwayar magani, domin rabin maganin yana barin jini cikin kamar minti 90.

Aikin farko da ke kan iyali shi ne su raba wannan motsi da karkarwar cutar kanta, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Karkarwa tana da bugu iri ɗaya, takan kama hannun da ke hutawa a kan cinya, kuma tana tsananta ne idan magani ya fara sakin jiki. Diskinesiya kuwa ba ta da tsari, tana kama da mutsu-mutsu ko rausaya, kuma mafi yawanci tana zuwa ne sa'a ɗaya zuwa biyu bayan shan ƙwaya, lokacin da maganin ya kai ganiyarsa. Wanda ya ga haka ya ƙara wa majinyaci wata ƙwaya da nufin taimako, ya ƙara wa wuta mai ne. Akwai kuma ƙagewar yatsun ƙafa mai zafi da asuba, wadda ita alamar ƙarancin magani ce.

Saboda haka a samu littafi a riƙa rubuta lokacin shan kowace ƙwaya, da lokacin cin abinci, da lokacin da motsin ya fara da lokacin da ya lafa, har na tsawon mako guda. A ɗauki gajeren bidiyo da waya, domin sau da yawa jiki yakan natsu a gaban likita. A rubuta abincin ma, tunda nama da wake da nono suna rage shigar maganin, shi ya sa ake shawartar a sha shi rabin sa'a kafin cin abinci.

Da wannan bayani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi zai iya rage yawan abin da ake sha a lokaci ɗaya ya ƙara yawan lokutan, ko ya haɗa da wani magani mai suna amantadin, wanda ke rage motsin amma yana iya kawo kumburin ƙafa da gane-gane, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Idan magunguna sun gaza, akwai tiyatar dasa na'ura mai aika lantarki cikin ƙwaƙwalwa, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Ya kamata a tambayi majinyacin kansa ko motsin yana damunsa, domin da yawa sun gwammace ɗan rangajin da sandarewar da ke hana su tashi, masu kallo ne suka fi jin nauyin abin. Tsoron diskinesiya ma bai kamata ya sa a jinkirta fara magani ba: wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya kwatanta majinyata a Gana da na Italiya, ya nuna cewa daɗewar cutar da yawan maganin da ake sha a yini ne suka fi jawo ta, ba fara shan sa da wuri ba.

Kada a taɓa dakatar da lebodofa farat ɗaya, domin hakan yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki da ruɗewa, har ya kai ga rasa rai. Mai niyyar azumi ya ga likitansa tun kafin watan ya kama, kada ya tara ƙwayoyin yini ya sha su gaba ɗaya da sahur ko buɗa-baki.