Yadda ake bambance borrow da lend da sauran kalmomin aro a Turanci

A aji, a ofis, har a bakin masu digiri, za ka ji an ce "borrow me your pen". Mai maganar "ara mini bironka" yake nufi, kuma a Najeriya kowa zai gane. Amma mai duba jarrabawar WAEC ko NECO jan layi zai yi a ƙarƙashinta, mai karanta takardar neman aiki ma ba za ta wuce masa ba. Tushen matsalar shi ne Hausa da Turanci ba a wuri ɗaya suka raba maganar aro ba. Sai ka ga inda kowanne ya ja iyakarsa kafin haddar ƙamus ta yi maka amfani.

Mataki na farko: duba yadda Hausa ta raba nata

Bahaushe irin abin yake dubawa. In shi kansa abin za a dawo da shi, kamar keke ko tsani ko tukunyar biki, aro ne. In kashe shi za a yi ko a cinye, daga baya a maido da madadinsa, kamar kuɗi ko tiyar gero, rance ne. Mai bayarwa da mai karɓa kuwa kalma guda suke riƙe da ita, ƙarshenta kawai ke ɗan sauyawa: "na ari keke", "ya ara mini keke", "na ranci kuɗi", "ya ranta mini kuɗi". Ba Hausa kaɗai ke haka ba. A Jamusanci ma kalmar leihen tana ɗaukar bayarwa da karɓa duka.

Mataki na biyu: tambayi kanka ina abin ya nufa

Turanci ba ruwansa da ko keke ne ko kuɗi. Abin da ya dame shi shi ne hannun wa abin ya bari, hannun wa ya shiga. Borrow aikin mai karɓa ne, lend aikin mai bayarwa. Don haka kafin ka buɗe baki, duba wanda ka sa a farkon jimla. In shi ya karɓa, ka ce "I borrowed Musa's bicycle". In shi ya bayar, ka ce "Musa lent me his bicycle". Keke ɗaya ne, rana ɗaya ce, wurin tsayuwar mai ba da labari ne ya bambanta.

Mataki na uku: bi sawun ƙananan kalmomi

Nan ne ya fi cancantar a daɗe, domin Hausar da ke bakinka za ta iya yi maka jagora. Faɗi jimlar da Hausa tukuna. In ka ji "mini", "masa", "mata" ko "wa" bayan ara ko ranta, lend ake bukata. "Ranta wa Binta dubu goma" zai zama "lend Binta ten thousand naira", ko "lend ten thousand naira to Binta". In kuwa "a wurin" ko "daga hannun" ka ji, borrow ce, kuma from ke raka ta: "she borrowed it from her aunt".

Ka riƙe wannan da kyau: sunan mutumin da za a ba abu ba ya zuwa daf da bayan borrow. Shi ya sa "borrow me" ba ta zauna ba. Hanyoyin roƙo biyu ne, duk daidai: "Can I borrow your pen?" ko "Can you lend me your pen?" Ni na fi so ɗalibi ya fara riƙe ta farkon, don ita ce ta fi yawa a bakin masu harshen, kuma ta fi saurin zama a baki.

Akwai wuri ɗaya da dabarar "mini" ke iya ruɗa ka. Uwa ta ce wa ɗiyarta, "Je ki aro mini turmi a gidan Larai." A nan yarinyar ce za ta karɓo a madadin uwar, saboda haka borrow ce, amma da for: "borrow a mortar for me". Kunne ya saurari bambancin "ara mini" da "aro mini".

In aikin ya wuce, borrowed ake cewa, sai lent. Babu lended.

Mataki na huɗu: ba loan wurinta

Loan suna ce ta abin da aka bayar, musamman rancen banki: "apply for a loan", "take out a loan". A Amurka ana yawan amfani da ita a matsayin aikatau, da ma'anar lend, ba ta taɓa nufin karɓa ba. Masu bin ƙwallo sun san ta. A 2024 da Victor Osimhen ya tafi Galatasaray daga Napoli, jaridun Turanci "on loan" suka rubuta, na Hausa kuma suka ce a matsayin aro, tunda shi kansa ɗan wasan ake sa ran ya koma. Ka ga ke nan loan tana iya zama rance, tana iya zama aro.

Mataki na biyar: in ana biyan kuɗin amfani, haya ce

Kujerun biki da ka biya aka kawo maka ba borrow ka yi ba. A Ingila hire ake cewa ga abin ɗan lokaci kamar mota ko kujeru, rent kuma ga gida ko shago. Amurkawa rent suke cewa kusan duka, hire kuma su bar ta ga ɗaukar ma'aikaci. Mai gida shi ne ke yin "rent out" ko let, daga nan aka samo "To Let" da ake liƙawa a jikin gidajen haya. Kuɗi ne kawai suka fita daban: ko da kuɗin ruwa aka ba ka su, borrow ka yi.

Mataki na shida: juya jimlar bashi

Wannan tarko ya fi na farko haɗari, don yana iya mayar da mai bin bashi ya zama wanda ake bi. Bahaushe ya ce, "Ina bin Audu dubu biyar." Mai kuɗin ne a gaba. Turanci wanda ake bi yake sawa a gaba: "Audu owes me five thousand naira". Wanda ya rubuta "I owe Audu" a takardar yarjejeniya ya amsa da hannunsa cewa Audu ne ke bin sa. Kuma "I owe" ake so a rubutu, "I am owing" ta tsaya a hirar titi.

Mataki na ƙarshe: gwaji

Kalmomin suna da wasu ma'anoni na gefe da za ka ci karo da su a karatu. "Lend a hand" taimako ne. Borrow ce ake cewa a lissafin ɗebewa in an aro ɗaya daga gidan gomomi. Lent da babban baƙi kuwa azumin kwana 40 ne da Kiristoci ke yi kafin Ista.

Don su zauna maka, ɗauki abubuwa biyar da suka faru a gidanku ko a shagonku cikin makon nan: cajar da aka ara, kuɗin mota da aka ranta, bashin mai kanti. Rubuta kowanne sau biyu, sau ɗaya daga bakin mai karɓa, sau ɗaya daga bakin mai bayarwa. Sannan ka karanta da ƙarfi, kana duba ko "from" ta bi borrow, ko "to" ta bi lend, da kuma wanda ka sa a gaban owe.