Ga masu koya wa 'yan firamare darasin sauti

Salam malamai 'yan uwa. Don Allah in kun zo darasin sauti kar ku tsaya rubutu a allo kawai, yara ba sa kamawa. Ni kalangu na aro, na barbaɗa gero kaɗan a kan fatar, ina bugawa geron yana tsalle, nan take suka gane ashe girgiza ce ke haifar da sauti, sai na sa kowa ya dafa maƙogwaronsa ya ce aaa ya ji da kansa. Ku gwada wayar gwangwanin madara ma, guda biyu a huda gindinsu da ƙusa a zura zare, amma fa sai zaren ya miƙe sosai maganar ke wucewa. A duba bakin gwangwanin kar ya yanke yaran.