Yadda Ake Gina Shafin Intanet na Ofishin Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa Wanda Zai Kawo Mutane

Sau da yawa cikin dare ake neman irinku. Gida ya yi tsit, barci ya ƙaurace, sai mutum ya jawo waya yana rubuta abin da bai taɓa iya faɗa wa kowa ba: "me ke kawo faɗuwar gaba", "yawan tunani da kuka ba dalili". Datarsa kaɗan ce, kunya ta lulluɓe shi, kuma babban tsoronsa kada a ce ya haukace. Idan kai masanin halayyar ɗan Adam ne, ko mai ba da shawara kan damuwa da zaman aure, ko likitan ƙwaƙwalwa da ya buɗe ofishinsa a Kano ko Kaduna ko Zariya, to wannan mutumin za ka gina wa shafi. Na haɗa wa wasu masu wannan sana'a shafuka, kuma duk inda muka manta da shi, shafin yakan yi kyau a ido amma wayar ofis ta yi shiru.

Fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna ka rubuta amsar tambayoyi uku. Su wa kake gani? Me suke cewa da bakinsu idan sun zauna gabanka? Me ya hana su zuwa tun da wuri?

Tambaya ta biyu ita ce jarinka. Babu wanda ke shigowa ofis ya ambaci sunan cutarsa kamar yadda take a littafin jami'a. Cewa ake yi, "Ƙirjina ya yi mini nauyi." "Tun da na haihu ba na jin daɗin komai." "Yaronmu ya faɗa shaye-shaye, mun rasa yadda za mu yi." "Waswasi ya hana ni salla cikin natsuwa." Tara irin waɗannan maganganu, ba tare da sunan kowa ko wata alama da za a gane mai ita ba. Da su za ka rubuta shafinka, kuma su ne kalmomin da mutane ke bugawa a Google.

Ka kuma tsayar da abin da ka fi ƙwarewa a kai. Wanda ya jero matsaloli ashirin ya ce duk yana magance su, mai karatu zai ɗauke shi kamar mai maganin gargajiya na tasha. Uku ko huɗu sun isa.

Suna da masauki

Shafi yana buƙatar adireshi, yana kuma buƙatar masauki, wato kwamfutar kamfanin da za ta ajiye shi dare da rana. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, hukumar da ke kula da adireshin intanet na Najeriya, ana kuma sayensa a hannun kamfanonin da ta amince da su, da naira. Na .com.ng ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya wadatar. Zaɓi suna gajere da za a iya faɗa ta waya ba sai an maimaita ba. Ina ba da shawarar kada a sa kalmar "hauka" ko "taɓin hankali" a cikinsa, domin adireshin yana zama a tarihin binciken waya, kuma waya ba ta mutum ɗaya ba ce a gidaje da yawa.

Abu ɗaya nake roƙonka a nan: adireshin ya kasance da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa, ko da wani ka ɗauka ya yi maka aikin. Na ga wata baiwar Allah da yaron da ya haɗa mata shafi ya yi rajista da nasa imel, ya bar gari, shekara ta zagayo ba a sabunta ba, shafin ya mutu alhali adireshin yana kan duk katunan da ta raba. Duk shekara ake biyan kuɗin adireshi. Rubuta ranar inda ba za ka manta ba.

Idan kana da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sa sunan shafin ya yi daidai da shi. Zai sauƙaƙa maka lokacin buɗe hanyar karɓar kuɗi.

Dangane da kayan gini, wato manhajar da ake haɗa shafi da ita, WordPress ya fi ba da 'yanci, kuma samun wanda ya iya gyara shi ba wuya a garuruwanmu. Wix da Squarespace sun fi sauƙin koyo, sai dai kuɗin wata-wata ne da ke bin dala. Duk wanda ka ɗauka, tabbatar adireshin ya fara da https, alamar cewa shafin yana da kariya. Yawancin kamfanonin masauki suna ba da wannan kariya kyauta ta hanyar Let's Encrypt. Idan babu ita, wayar mai karatu za ta gargaɗe shi cewa shafin ba shi da tsaro, kuma mai tsoron tonon asiri ba zai ƙara minti ɗaya ba.

Rubutun shafin, inda aikin yake

Shafuka biyar sun ishe ka: na farko, na bayanin kanka, na ayyukanka, na tambayoyi, da na tuntuɓa.

A shafin farko, abin da ido zai fara gani ba tare da an ja ƙasa ba ya amsa abu uku: wa kake taimaka wa, a ina kake, ta yaya za a same ka. Misali: "Idan damuwa ta hana ki barci ko ta hana ka aiki, akwai wanda zai saurare ka cikin sirri. Muna ganin mutane a ofis a Kaduna, da kuma ta waya." Sai maɓalli ɗaya babba a ƙasa. Kada ka buɗe da tarihin kafa ofishin, ba shi ya kawo mutumin ba.

Shafin bayanin kanka yana buƙatar hotonka na gaske, cikin shigar da kake zama da ita a ofis. Hotunan Turawa masu dafe kai da ake kwasowa a intanet ba sa yi wa Bahaushe komai. Faɗi inda ka yi karatu, da hukumar da ta ba ka izinin aiki ko ƙungiyar da kake ciki, MDCN ce idan likita ne kai, ko ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta NACP, ko CASSON ta masu ba da shawara. Ka fayyace ko kana rubuta magani ko ba ka yi, domin mutane da yawa ba su san bambancin likitan ƙwaƙwalwa da mai yin magani ta hanyar tattaunawa ba. Idan akwai mace a ofishin, faɗi a sarari. Akwai matan da wannan layi ɗaya ne zai sa su kira, akwai kuma mazajen da sai sun gan shi za su bar matansu su zo.

Shafin tambayoyi shi ne wanda nake ganin ya fi kowanne aiki, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Amsa abin da mutum ke jin nauyin tambaya. Zuwa wurinku yana nufin na haukace? Me zai faru a zama na farko, minti nawa ne? Za ku gaya wa mijina ko iyayena? Zan iya zuwa da ƙanwata? Nawa ne? Rubuta kuɗin ƙarara. Bahaushe ya gwammace ya haƙura da ya tambayi farashi ya ji ya fi ƙarfinsa ya ji kunya. A batun sirri kuwa, faɗi gaskiya har da iyakarta: ba a fitar da maganar kowa, sai idan rai yana cikin haɗari ko doka ta tilasta.

Sai maganar addini, wadda ba za ka iya tsallakewa ba. Da yawa daga masu karanta shafinka sun riga sun je wurin malam, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, wasu ma an ce musu raunin imani ne. Kada shafinka ya raina wannan, kada kuma ya yi alkawarin abin da ba aikinka ba. Layi biyu sun isa su nuna cewa neman magani bai saɓa wa addu'a ba, kuma za a girmama imanin duk wanda ya zo, Musulmi ko Kirista.

Rubuta da Hausa da Turanci, kowanne da shafinsa, ba a cakuɗe a sakin layi ɗaya ba. Hausar kuma mutum ya rubuta ta, kada a zuba Turanci a na'urar fassara. Mai karatu yana jin ƙamshin fassarar na'ura tun daga layin farko. Idan da hali, ɗauki muryarka ta minti ɗaya kana gabatar da kanka, saboda wanda karatun boko ke yi masa wuya.

Hanyar tuntuɓa da riƙon amana

Mutanenmu ba sa son cike fom mai tsawo. Sa maɓallin WhatsApp Business da lambar kira, a layin ofis wanda ba na gidanka ba. Shirya saƙon da zai fita da kansa idan an rubuto da dare, mai faɗin lokacin da za a amsa. Idan za ka sa fom, tambayi suna, lamba, da lokacin da ya dace a kira. Ƙara tambaya ɗaya: "Za mu iya turo saƙo a wannan lambar, ko akwai mai duba wayar?" Kada fom ya nemi mutum ya zayyana ciwonsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, don haka abin da ba ka buƙata kada ka tara shi. Rubuta ɗan gajeren bayani kan abin da kake ajiyewa da wanda ke iya gani.

Idan za ka karɓi kuɗi ta Paystack ko Flutterwave ko tura kuɗi ta banki, gwada da kanka ka ga sunan da ke fitowa a saƙon banki. Wani zai iya ganin wannan saƙo a wayar mai biya.

A ƙasan kowane shafi, rubuta cewa wannan ba wurin agajin gaggawa ba ne, kuma wanda yake jin zai cutar da kansa ya kira 112 ko a kai shi asibiti mafi kusa nan take. Ambaci na yankinka da sunansa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri.

Game da yabon waɗanda ka taimaka wa, shawarata ka bar shi. A sauran sana'o'i shi ne talla mafi ƙarfi, amma a nan wanda kake dubawa ba zai iya ce maka a'a cikin sakin jiki ba, kuma a gari ɗaya ana gane mutum ko an ɓoye sunansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na sirri da mutunci. Kada kuma ka rubuta "waraka cikin mako biyu". Likitoci ma su duba ƙa'idojin MDCN kan talla kafin su wallafa komai.

Gwaji, sannan a sanar da duniya

Ari ƙaramar wayar Android mai arha, kashe wayifai, buɗe shafin da data. Idan ya daɗe yana juyawa, hotuna ne suka yi nauyi, matse su da TinyPNG, shafin da ke rage nauyin hoto, ka cire duk bidiyon da ke kunna kansa. PageSpeed Insights na Google zai nuna maka abin da ke jan shafin baya, kyauta. Daga nan miƙa wayar ga wani dattijo a gidanku, ka ce ya nemo lambar ofis. Kada ka taimaka masa, kallo kawai za ka yi. Duk inda ya tsaya yana laluben hanya, can ne gyaranka.

Buɗe Google Business Profile domin ofishin ya fito a taswira, da adireshin ofis da lokutan aiki iri ɗaya da waɗanda ke shafin. Sa adireshin shafin a Facebook da katinka, ka kai shi ga likitocin asibitocin unguwa, ungozomomi, da limaman da ake kai wa ƙarar aure, domin su ake fara tunkara. Bayan haka, duk wata rubuta maƙala ɗaya da ke amsa tambaya ɗaya daga waɗanda ka tara a takardar farko. Kuma duk wanda ya zo sabo, tambaye shi a ina ya ji labarinka, ka rubuta amsar a littafi. Bayan wata shida, littafin zai gaya maka shafin da za ka faɗaɗa da wanda za ka sake rubutawa.