Darasi na Bakwai: Yadi Daban, Mita Daban

A gidan mai, da lita ake sayar da fetur. A jikin buhun siminti kilo 50 aka rubuta. Amma idan ka shiga Kantin Kwari a Kano, za a ce maka turmin atamfa yadi shida ne. Me ya kawo awo iri biyu a ƙasa ɗaya?

Yadi da ƙafa da inci da laba da galan, Turawan Ingila ne suka bar mana su. Daga baya Nijeriya ta koma tsarin mita. A ƙarƙashin dokar awo ta 1974, mita da kilo da lita su ne ma'aunin hukuma. Jami'an sashen awo na ma'aikatar ciniki ta tarayya ke duba sikeli da famfon gidan mai, su buga masu hatimi.

Ko a Ingila, tun 1 ga Janairu 2000 dole a auna kayan tebur da kilo. A 2001 kotu ta kama wani mai kayan gwari a garin Sunderland, Steve Thoburn, da laifi, domin ya sayar da ayaba da sikelin da laba kaɗai yake nunawa.

Yanzu ɗauko tef ɗin tela. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita. Ɗora yatsanka a kan inci 36: wannan shi ne yadi. Juya tef ɗin, za ka ga santimita 91 da ɗan ɗoriya. Mita kuwa santimita 100 cif take. A ido bambancin bai kai taƙi ba, amma a shadda goma ya taru ya kai kusan santimita 86. Hannun riga ke nan ya tafi. Shi ya sa nake so ka saba da tambaya kafin a sa almakashi:

"Alhaji, goman nan yadi ne ko mita?"

Babu kunya a ciki, kuɗinka ne.

Laba ma ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce. Galan na Ingila kuma lita huɗu da rabi ne da 'yan kai.

Aiki
1. Auna tsawon tabarmarka da inci, sannan da santimita. Rubuta duka biyun.
2. Wanne ya fi nauyi, laba biyu ko kilo ɗaya?