Yadda za ka buga A Plague Tale: Innocence har ka ga ƙarshensa

Yawancin waɗanda na ji suna kukan wannan gem ɗin, in ka bi bahasi za ka tarar da hannun faɗa suka shige shi. Sun saba da wasannin da jarumi ke sheƙe mutum goma ya karkaɗe riga ya wuce, sai ga su riƙe da yarinya 'yar shekara 15 wadda sara ɗaya ke gamawa da ita. Amicia de Rune ba soja ba ce. Majajjawa ce makaminta, ga ƙaninta Hugo ɗan shekara 5 maƙale a hannunta, kuma ba shi da lafiya. In ka karɓi wannan tun daga farko, rabin wahalar ta kau.

Kamfanin Asobo da ke birnin Bordeaux na Faransa ne ya yi shi, ya fito a watan Mayun 2019 a kwamfuta da PS4 da Xbox One. Labarin ya faro ne a 1348 a yankin Aquitaine, lokacin da yaƙin nan na shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila ke ci, ga kuma baƙar annobar da ta lashe akalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. A tarihi ƙumar da ke jikin ɓeraye ce ake ɗora wa alhakin yaɗa cutar. A gem ɗin kuwa ɓerayen da kansu ke tudaɗowa daga ƙarƙashin ƙasa, dubbai a lokaci guda, su cinye mutum ya koma ƙashi kafin ka ƙifta ido. Dakarun kotun coci kuma, ƙarƙashin wani tsoho mai suna Vitalis, suna farautar Hugo saboda abin da ke cikin jininsa. Babi 17 ne, awa 10 zuwa 12 sun ishi mai tafiya a natse. Kuma don Allah kada ganin yara a bangonsa ya sa ka kunna wa ƙananan gida, na manya ne, akwai gawarwaki da jini sosai.

Abu na farko da za ka koya shi ne zama. Da ka shiga wuri ka ga sojoji, durƙusa cikin doguwar ciyawa ka tsaya cik. Kowane soja da hanyar da yake bi ya dawo, ba ya sauya ta sai ka ba shi dalili. Ka bar shi ya kai ya komo kana kallo, ka gane inda yake juya baya, sannan ka motsa. Duk inda ka ga tarin sulke ko akwatin ƙarafa an ajiye, ba ado ba ne: jefa masa dutse, ƙarar za ta ja sojan ya je dubawa. Inda babu ƙarfe, tukunyar ƙasa za ka wurga, ita tana fashewa ko'ina. Ka lura da wani abu da mutane da yawa ba sa ganewa da wuri: jifa da hannu ba ya ƙara, amma majajjawa tana da kuwwa, na kusa zai ji ta ya waiwayo. Wanda ya taɓa korar tsuntsu a gonar gero ya san sai an juya ta ta ɗauki ƙarfi kafin a saki, to haka take a nan. Idan soja ya riga ya taso maka a guje daga kusa, sau da yawa ba za ka samu wannan sararin ba.

Shi Hugo kuwa, riƙe hannunsa. Kana iya ce masa ya tsaya ka je ka dawo, amma in ka yi nisa ko ka daɗe sai tsoro ya kama shi ya fara kira, sojoji su ji. Akwai masu cewa yaron ya cika rigima, har da wurin da ya yi fushi ya gudu ya bar yayarsa. Ni ban ga laifinsa ba. Yaro ne da aka tsare a ɗaki tun haihuwa saboda ciwo, bai ma san Amicia sosai ba, rana ɗaya aka raba shi da gida. In ka ci karo da fure a hanya, tsaya ka tsinka. Zai faɗa maka sunansa da abin da ya sani a kai, ya soka wa yayarsa a gashi, kuma furen zai zauna a kanta kana gani kuna tafiya. Ba ya ƙara maka ƙarfin komai. Amma wanda ya tsallake irin waɗannan wuraren yana sauri, shi ne zai kai ƙarshe ya ce bai ji komai ba.

Ɓerayen doka ɗaya suke bi: ba sa shiga haske. Itacen da ka zaro daga dami ka kunna ba ya daɗewa, kafin ka ɗauka ka riga ka san inda za ka kai shi, kada ka tsaya tunani wuta na ci a hannunka. Da ka haɗu da Lucas, yaron da ke koyon haɗa magunguna a wurin likita Laurentius, za ka fara samun haɗe-haɗen da ake sa wa majajjawa. Ignifer na tayar da wuta a kasko ko garwashin da ke nesa. Odoris na jan ɓeraye zuwa inda ka jefa shi, ka samu hanya ta buɗe na ɗan lokaci. Devorantis kuwa na sojan da ya sa kwalkwali ne, yana ƙona shi ya cire da kansa, sai ka bi da dutse a ka. Daga baya Exstinguis zai zo, mai kashe wuta, kuma daga nan ne gem ɗin ke juyawa, don abin da kake gudu ya zama makaminka. Soja na tafe da fitila cikin tekun ɓeraye yana taƙama, ka fasa fitilar da dutse ko ka kashe masa wutar, shi ke nan.

A nan ne nake so ka ɗan dakata. Ba kowane soja ne dole ka kashe ba, kuma gem ɗin na sa ka ji nauyin abin. Ranar da Amicia ta fara kashe mutum, muryarta rawa take yi. A gonar Laurentius akwai wurin da sai ka kai dabba ga ɓeraye kafin ku wuce, Hugo na roƙo kada a yi. Akwai filin yaƙin da za ku taka gawarwakin sojoji don babu wata hanya. Mutane da yawa da suka buga suna ambaton waɗannan wurare fiye da duk wani faɗa. Shawarata, inda za ka iya sulalewa ka wuce ba tare da jini ba, yi hakan. Ya fi dacewa da yarinyar da kake riƙe da ita, kuma yana tara maka kaya.

Kayan kuwa su ne farar wuta da giyar haɗi da fata da igiya da ƙyalle da sauransu, a warwatse cikin akwatuna da lunguna. Hanyar gem ɗin miƙaƙƙiya ce, don haka duk inda ka ga ɗan lungu ya kauce, leƙa shi, da wuya ka fito hannu rabbana. In ka samu teburin gyara, fara da majajjawar, ta riƙa saurin ɗaukar ƙarfi ta rage ƙara, sannan jakar kaya. Somnum da Luminosa, masu ceton ka in soja ya cafke ka ko ɓeraye sun rufe ka, suna cin kayan da gyaran ke buƙata. Riƙe ɗaya don ko-ta-kwana ya isa. Gem ɗin na ajiye inda ka kai akai-akai, in an kashe ka ba nisa za a mayar da kai ba, don haka mutuwa ta fi arha a kan ɓarnar kaya.

Abokan tafiya ma ka yi amfani da su. Mélie na buɗe makulli, Rodric ɗan maƙeri na ɓalle ƙofa kuma in ka nuna masa soja ta baya zai gama da shi shiru, Hugo na kutsawa ta ƙananan ramuka ya buɗe muku daga ciki.

Wani ƙorafin dai gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Sojojin ba su da wayo, dutse ɗaya ke yaudarar su kullum. Kuma babukan ƙarshe sun bar laɓe-laɓen da suka koya maka sun koma faɗa fuska da fuska, alhali majajjawar ba don haka aka gina ta ba. Wurin amalanken nan a babi na 16, inda Rodric ke turawa 'yan baka na ruwan kibau, ya sa mutane da yawa ajiye gem ɗin saura ƙiris su gama. Abin da ke fitar da kai: manne da amalanken, kada ka wuce shi kada ka bari ya bar ka, ka cika jaka da duwatsu tun kafin ku fara, ka riƙa fara wa wanda ya fi kusa da kai. Bari alamar saiti ta kama kan mutum kafin ka saki, jifan gaggawa asarar lokaci ne. Za a kashe ka a nan, wataƙila sau da yawa, amma masu fitowa ta wuri ɗaya suke fitowa kowane karo, kana haddace su ka wuce.

Karon ƙarshe da Vitalis ma haka yake, haƙuri ne da lura. Fararen ɓerayensa ba sa tsoron haske, don haka wutar da ke wurin shi take karewa daga sauran ɓerayen. Kashe ta da Exstinguis, ka riƙa kallon inda tulin ɓerayen zai rikito ka kauce gefe, kada ka tsaya wuri ɗaya. Idan Vitalis ya fito fili, dutse a ka, sannan a sake zagayowa har ya faɗi.

In kana da abin sawa a kunne, sa shi, kiɗan Olivier Deriviere da ƙarar ɓerayen cikin duhu rabin gem ɗin ne. Akwai kuma muryoyin Faransanci, masu bugawa da dama sun fi son su tunda a Faransa labarin yake, sai ka bar rubutun Turanci a ƙasa. Na biyun, Requiem, ya fito a Oktoban 2022, ya kai su Amicia kudancin Faransa, ya ba ta baka mai kunama da wuraren da suka fi faɗi. Kada ka fara da shi ko da shi ka fara samu, daga inda wannan ya tsaya ya ɗora.