Yadda ake haɗa na'urar auna danshin iska da ƙaro

Ƙaron dakwara, irin wanda ake tsinka a Borno da Yobe da Jigawa, yana shan danshin iska, kuma akwai gishirin kalsiyam da fotasiyam a cikinsa. Idan ya bushe ƙayau, da ƙyar lantarki ke ratsa shi. Da ya sha laima sai turjiyarsa ga lantarki ta faɗi. Wannan canjin shi ake aunawa.

A samu ɗan allon PCB, wato allon da ake haɗa kayan lantarki a kansa, mai layukan jan ƙarfe biyu da suka sarƙe kamar haƙoran mataji biyu, ba su taɓa juna ba, tazararsu kamar rabin milimita. A goge shi da sifirit. A jiƙa giram 1 na farin ƙaro a mililita 20 na tataccen ruwa marar gishiri, irin wanda ake zuba wa batir, ya kwana, a tace da ƙyalle. Idan wurin masu cajin batir za a sayo ruwan, a tabbatar ba asid suka ba da ba. Ruwan rijiya kuwa gishirinsa zai rikita awo. A ɗiga ɗigo biyu a kan layukan, a baza, a bar shi a inuwa awa 24. Siririn shafi ya fi, domin mai kauri yana jinkirin shan danshi da sakinsa, kuma yana tsagewa da hunturu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bai wa allon wutar lantarki ta fuska ɗaya. Sinadaran gishirin da ke cikin ƙaron sai su taru gefe guda, lambar awo ta yi ta zamewa, jan ƙarfen ya yi kore. Don kauce wa haka, a kan Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da zai karanta awon, a jera na'urar da resista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) mai turjiyar megohm 1 tsakanin ƙafa D2 da D3, a kai mahaɗarsu ƙafar karatu ta A0, a riƙa musanya wacce ke ba da wuta, a kashe duka bayan kowane karatu.

Wajen saiti, wato daidaita lambar awo da sanannen danshi, a dama gishirin girki da ruwa kaɗan ya yi caɓa-caɓa a kwalba, a rataye na'urar ciki ba ta taɓa shi ba, a rufe ruf awa 12. Danshin iskar ciki zai tsaya kusan kashi 75 cikin ɗari. Gishirin magnesiyam kulorayid kuma, idan aka yi masa haka, yana ba da kusan kashi 33.

Karatun lokacin da danshi ke hawa ba ya yin daidai da na lokacin saukarsa, don haka a auna duka biyun. A tsakiyar damina ƙaron kan yi danƙo, har ya yi fumfuna. Idan haka ta faru a wanke allon, a sake shafi da saiti.