Ƙodar raƙumi a ɗakin gwaji: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Yawancin aikin nazarin furotin ɗin da ke riƙe da ginin ƙodar raƙumi a kwata yake lalacewa, tun ba a isa ɗakin gwaji ba. Ɗalibi zai yi sammako zuwa mayanka a Gusau, mahauci ya miƙo masa ƙoda, ya ƙulle ta a leda, ya tsaya gaisawa, sannan ya nemi mashin. A zafin bazara da kan haura digiri 40, ƙwayoyin ƙananan bututun cikin ƙodar ba sa jira, nan da nan suke narkewa. Ka tafi da fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a hannunka, ka yanka a wurin. Kaurin yankan kada ya wuce milimita 5, ruwan kuma ya ninka naman sau 10 aƙalla. Na sha ganin an cusa rabin ƙoda cikin ƙaramar kwalba: waje ya kamu, ciki ya ruɓe. Jefa ta firiza ma ba dabara ba ce, ƙanƙara na yayyaga naman.

Sai wurin yanka. Ƙodar raƙumi sumul take, ba ta da ɓangarori irin na saniya, kuma sashenta na ciki yana da kauri ƙwarai, wajen ninki 4 na na waje. A can dogayen bututun da ke tsotse ruwa suke, su ne ke sa fitsarin raƙumi ya yi kauri. Wanda ya ɗebi sama-sama kawai ya bar ainihin abin da ya bambanta dabbar. Ka yanko tun daga ɓawo har tsakiya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a ga shuɗi a rinin Masson, wanda ake rina yanka da shi kafin a duba a madubin likita, a rubuta "kolajin" a wuce. Kolajin furotin ne mai riƙe da ginin nama, amma wane iri? Nau'i na 1 da na 3 suna cikin ɓawo da tsakanin bututu, na 4 kuwa tare da wani furotin mai suna laminin shi ne shimfiɗar matatar jinin da ke cikin ƙodar. Rinin PAS zai nuna maka shimfiɗar, amma rarrabe nau'in sai da antibodi, sinadarin da ke maƙale wa furotin iri guda don a gane shi. Nan ma da tarko: naman da ya wuce awa 48 a fomalin yakan ƙi kama antibodi har sai an dafa yankan a ruwan sinadarin sitiret. Ƙoda kuma tana da nata bayotin, wani bitamin mai iya kawo launin ƙarya. Don haka ka ajiye gilashi ɗaya mai yanka da ba ka sa wa antibodin farko, mai kama furotin ɗin, ba. In shi ma ya yi launi, to naka ba sakamako ba ne.

Kada ka manta da shekaru. Sau da yawa tsohon amale ko taguwar da ta daina haihuwa ake kawowa yanka, kuma tsufa kaɗai yana ƙara kolajin a ƙoda. Kafin a ɗauke kan raƙumin, roƙi mahauci ya buɗe maka baki, ka duba haƙora, ka rubuta.